Ranar Da Na Ƙaryata Maleji Na Gaskata Kunnena

Akwai wani abu da ya faru da ni wanda na daɗe ina jin nauyin faɗa, don laifin nawa ne tun daga farko har ƙarshe. Amma makon jiya na tsaya wajen masu gyaran mashin a bayan Taminus ana yi min juyen baƙin mai, sai na ji wani matashi yana ba abokinsa irin shawarar da aka taɓa ba ni, babu ragi babu ƙari. Na buɗe baki zan yi magana sai na ga ba su san ni ba, na yi shiru. Tun ranar abin yake ci na, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan, wataƙila ya kai gare su.

Ni ɗan kasuwa ne a Taminus, ɗan tireda. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda suka rasa shagunansu a gobarar babbar kasuwa ta watan Fabrairun 2002, kuma tun daga lokacin muke lallaɓawa a gefen kasuwar kamar sauran jama'a. Ban taɓa yin goyin ba, ko kafin a hana shi a cikin gari zamanin Gwamna Jonah Jang. Mashin ɗina na hidimar gida ne da ta shago. Da shi nake kai wa kwastomomina kaya a Tilden Fulani da Magama Gumau, da shi nake zuwa gaida tsohuwarmu a ƙauye can wajen Toro, in dawo da buhun masara ko dankali ɗaure a baya. Ƙaramin mashin ne irin wanda kowa ya sani, giya huɗu, ba ya gudu amma ba ya gajiya.

Kowa ya san abin da ya faru ranar 29 ga Mayun 2023. Kafin a yi kwana uku da janye tallafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma har ta taɓa dubu. A wannan lokacin duk mai mashin ya zama injiniya. Wannan ya ce a matse kafireta, wancan ya ce a sa mashin a firi idan an zo gangara. Ni kuma wani abokina da ya yi zaman Kano ya ce min sirrin yana wajen sifiroket, wato faifan nan masu haƙora guda biyu da cen yake hawa, ƙarami a jikin inji, babba a ƙafar baya. Ya ce in ƙara wa na gaba haƙori ɗaya, in rage wa na baya huɗu, injin zai daina ihu, mai zai riƙa kai ni nesa, gudu kuma ya ƙaru. Sannan ya ƙara da wata magana wadda ita ce ta kusa halaka ni. Ya ce, "Sai dai fa ka sani, da zarar ka canza sifiroket, maleji ya daina faɗin gaskiya. Kar ka ƙara kula shi."

Ina da bakanike na, wani dattijo da duk layin Baba ake ce masa, wanda tun mahaifinmu yana da rai shi yake yi mana gyara. Na je na faɗa masa. Bai ko ɗago kai daga injin da yake kwancewa ba, ya ce, "Ɗana, wannan shawarar ta mutanen Kano ce. Su ƙasarsu shimfiɗe take kamar tabarma. Kai ina za ka kai hawan Babale?" Na ce zan gwada dai. Ya ce, "To ba da hannuna ba."

Na fita ina cewa a raina tsofaffin nan ba sa son ci gaba. Na wuce Dilimi na sayo sifiroket mai haƙori 15 na gaba da mai 38 na baya, maimakon 14 da 42 da mashin ɗin ya zo da su. Mai shagon ya tambaye ni ko zan haɗa da sabon cen, na ce nawa da sauransa. Na sami wani yaro mai sifana a bakin hanya ya ɗaura min.

A nan ya kamata in tsaya in yi bayanin abin da ban sani ba a lokacin, don yanzu na biya kuɗin makaranta na koye shi. Idan ka raba 42 da 14 za ka sami 3. Ma'ana sai ƙaramin ya juya sau uku kafin ƙafar baya ta juya sau ɗaya. Da na sa 15 da 38, sai ya koma sau biyu da rabi da ɗan ɗoriya. Wato a duk juyin da inji ya yi, mashin yana cin ƙasa fiye da da, da kusan kashi 18 cikin ɗari. Wannan shi ne daɗin da abokina ya faɗa min, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa min ba shi ne babu abin da ake samu kyauta. Ƙarfin turawa da ke isa ƙafar baya ya ragu da kusan kashi 16 cikin ɗari, a kowace giya, har da ta ɗaya da ake tashi da kaya. Haƙori ɗaya na gaba ma kaɗai daidai yake da kusan uku na baya, ni kuwa na haɗa duka biyun lokaci guda.

Sannan ga abin da Baba yake nufi da Kano. Jos tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Iskar nan tamu mai sanyi da baƙi suke yabo ba ta kai ta ƙasa kauri ba, kuma inji da iska yake ƙona mai. Duk mashin da ya hau Filato ya riga ya bar wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a bakin teku, tun kafin a taɓa masa ko noti ɗaya. A kan wannan ragin na zo na ƙara nawa, sannan na ɗora buhun masara.

Sai maganar cen. Irin namu ana ce masa 428, kowace gaɓa tsawonta rabin inci, milimita 12.7. Cen yana naɗe kusan rabin sifiroket ne, saboda haka duk haƙori ɗaya da ka rage ka saki rabin gaɓa. Huɗun da na rage a baya sun saki gaɓa biyu, ɗayan da na ƙara a gaba ya cinye rabi, saura gaɓa ɗaya da rabi tana lilo. Kafin a ɗauke wannan sai an ja ƙafar baya baya da kusan santimita ɗaya. To ni cen ɗina tsoho ne, an yi ta ja ana ja, ajasta ta kusa ƙurewa. Yaron ya ja har ƙarshe, ya taɓa cen ɗin, ya ce, "Oga, har yanzu da saura. Sai dai a yanke gaɓa biyu." Na ce kar ya yanke, don in abin bai yi min ba ina so in koma tsohon sifiroket, kar cen ya yi min gajarta. Ya ɗaga kafaɗa ya ce zai tafi a haka. Ban ga laifin yaron ba, ya faɗa min, ni na hana.

Makon farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Daga Taminus zuwa Bukur ni kaɗai, ba kaya, injin yana tafiya shiru kamar ba a kunne ba. Mai ma na ga kamar ya ɗan ƙara auki. Amma da na fara ɗora kaya sai labari ya canza. Tashi daga danja sai na ja kuloci kamar mai lallashin jaki. Hawan da nake yi a giya ta uku ya koma ta biyu. Giya ta huɗu kuwa in dai iska ta fuskanto ni sai mashin ya riƙa numfashi, in murɗa totur har ƙarshe ya ƙi ƙaruwa. Man da na tara a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya sai hawa ya karɓe abinsa. Na lura da duk wannan, amma girman kai ya hana ni komawa in ce wa Baba ya yi gaskiya. Har hanya na canza don kar in bi ta gaban rumfarsa.

Kuma akwai ƙarar da cen yake yi, ƙwas-ƙwas a jikin murfinsa duk lokacin da na saki totur. Sai na cire murfin gaba ɗaya na ajiye a shago. Ƙara ta ragu, hankalina ya kwanta.

Ranar wata Asabar na ɗauki babban ɗana, lokacin yana shekara 11, za mu je gaida kakarsa. Na ɗaura katan biyu na sabulu da zan sauke a Tilde, shi kuma ya zauna tsakanina da kayan. Mun wuce Naraguta muka fara gangarawa. Duk wanda ya daɗe da mashin ya san ba maleji muke kallo ba, kunne ne malejinmu. Shekara da shekaru na san kukan da injina yake yi idan ina kan 60, kuma a nan nake tsayawa in da yaro a baya. To wannan kukan na 60 shi nake ji. Na ɗan kalli allura na ga ta wuce 75 tana neman 80. Wallahi na gani da idona. Sai maganar abokina ta faɗo min, na ce a raina, ai ƙarya yake yi tun da aka canza sifiroket.

Wani abin kuma da ban ankara da shi ba, a da idan na saki totur a gangara injin yana riƙe mashin. Yanzu wannan riƙon ya yi sako-sako, mashin sai zuba yake yi.

Wata tirela ta taho, na kauce gefe, sai ga rami. Na saki totur na taka birki lokaci guda. Ƙafar baya ta faɗa ramin ta yi tsalle, na ji wata ƙara kamar an karya ƙarfe, sai ƙafar ta daskare. Cen ne ya sauka daga kan haƙora ya cushe ya kulle wili. Mashin ya ja mu a kan kwalta ya watsar da mu a gefen hanya. Ni gwiwa ce ta sale, salansa ya ƙona min ƙauri. Da na miƙe na ga yaron a zaune cikin ciyawa ya riƙe hannunsa na dama da na hagu, bai yi kuka ba, sai cewa ya yi, "Abba, sabulun ya zube." Hannun ya lanƙwashe a inda babu gaɓa.

Allah ya saka wa wasu masu motar tumatir da alheri, su suka dawo da mu cikin gari. Aka yi hoto aka ɗaure hannun. Sati shida yaron nan bai riƙe biro ba, ana saura kwanaki kaɗan a fara jarrabawa. Mahaifiyarsa ba ta ce min komai ba. Na fi son da ta yi faɗa. In na shigo ta ce sannu da zuwa, ta ajiye abinci, ta koma wajen yaron tana ba shi a baki. Kuɗin asibiti da magani kuwa ya sayi sabon cen fiye da goma. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Bayan kwana huɗu aka turo min mashin ɗin a bayan a-kori-kura, ban da inda zan kai shi sai wajen Baba. Na zaci zai ce ai na faɗa maka. Bai ce ba. Ya fara tambayar jikin yaron, sannan ya tsuguna. Ya mayar da cen ɗin kan haƙora, ya kama shi a can bayan babban sifiroket ya ja, sai ga shi ya ɗago har ana ganin fiye da rabin haƙori. Ya ce, "Ka gani? Wannan ya mutu tun kafin ka canza komai." Ya bayyana min cewa cen ba miƙewa yake yi kamar roba ba, ƙusoshin cikin gaɓoɓin ne suke cinyewa, sai tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa ta ƙaru. Idan ka ɗora irin wannan a kan sabbin haƙora ba ya zama a gindinsu, a kan tsininsu yake tafiya, kamar mai takalmin aro. Ƙaramin girgiza ya ishe shi sauka. Shi ya sa ake canza su ukun tare, cen da sifiroket biyu.

Sai na kawo maganar maleji, ina neman inda zan ɗan raba laifi. Na ce, "Baba, shi ma malejin ai ya ruɗe ni, tun da aka canza ya daina daidai." A nan ne kawai na ga ransa ya ɓaci. Ya kama hannuna ya kai ƙafar gaba, ya ɗora yatsana a kan wata baƙar waya da ta fito daga tsakiyar wili ta hau sama. Ya ce, "Bi ta. Ina ta je?" Na bi ta har cikin agogon. Ya ce, "To ina ruwan ƙafar gaba da haƙoran baya? Ko haƙori ɗari ka sa, wannan ƙafar juyin da hanya ta ba ta shi za ta yi."

Na tsaya kamar an watsa min ruwan sanyi. Irin mashinan da muke hawa a nan, Boxer ne, Jincheng ne, ko tsohuwar Honda, galibinsu daga ƙafar gaba malejinsu yake ɗaukar lissafi. Canjin sifiroket ba ya taɓa shi ko kaɗan. Abin da ya canza shi ne kukan inji. Kukan da a da yake nufin 60, yanzu yana nufin 71. Malejin ya faɗa min gaskiya ranar nan, na kalle shi na ƙaryata, na bi kunnen da ni da kaina na lalata masa ma'auni.

Bayan an gama gyara wani yaron Baba ya hau bayana da waya mai nuna gudu ta tauraron ɗan Adam, muka gwada a hanyar Zariya. Allura tana kan 60, waya ta ce 56. Ashe haka ake ƙera su da gangan, su ɗan ƙara maka maimakon su rage. A Turai ma ƙa'ida ce, ba a yarda maleji ya nuna ƙasa da ainihin gudu ba, amma an yarda ya ɗara da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4. Abin da zai iya taɓa irin namu shi ne girman tayar gaba. Wanda ya cire 2.75 ya sa 3.00 a kan wili mai inci 17, tayarsa ta ƙara faɗin zagaye, malejinsa zai ragu da wajen kashi 2 cikin ɗari. Wannan ba abin tada hankali ba ne.

Amma don in yi wa abokina adalci, maganarsa tana da asali, wuri kawai ta ɓata. Akwai manyan mashina, irin waɗanda samari suke sayowa na hannu daga waje suna cika mana kunne ranar Lahadi, da yawansu malejinsu daga akwatin giya yake lissafi, wato yana ƙirga juyin ƙaramin sifiroket ne ya kintata gudu. A irin waɗannan, gaskiya ne, canji yana ruɗa shi. Wanda ya sauke na gaba daga 15 zuwa 14 don mashin ya riƙa fizga, allurarsa za ta ƙara masa kashi 7 cikin ɗari a kan ƙarin da kamfani ya riga ya sa. Ya zo majalisa yana cika baki ya taka 150, alhali ko 140 bai kai ba. Ya yi tafiyar kilomita 1,000 agogo ya rubuta masa 1,071. Wanda kuma ya yi irin nawa canjin a kan irin wannan mashin shi ne abin tausayi, don shi allurar rage masa za ta yi, yana gudu tana ce masa a hankali yake tafiya. Kafin ka yarda da kowace magana a kan maleji, ka tsuguna ka duba ta ina wayarsa ta fito.

Baba ya mayar min da 14 da 42, da sabon cen, ya sa na je shago na ɗauko murfin da na ajiye. Na zauna na kalli yadda yake ɗauri, abin da shekara goma sha ina kawo masa mashin ban taɓa tsayawa na kalla ba. Ya juya ƙafar a hankali yana taɓa cen har ya sami wurin da ya fi tauri, don cen ba ya cinyewa daidai ko'ina, a nan ya auna. Ya bar masa wasa na santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Sannan ya ce in hau in zauna, ya kira yaronsa mai ƙiba ya hau bayana, ya sake taɓawa. Ya ce idan nauyi ya danne shokazoba cen ƙara ɗamewa yake yi, kuma wanda ya ɗame shi tamau kamar tsirkiyar baka yana ganin ya yi gyara, shi ne zai dawo da boris a cinye da mai yana yoyo ta gindin ƙaramin sifiroket. Ya duba zanen da ke gefe biyu na ajasta ya daidaita su don kar ƙafa ta karkace. Ya sake saita birkin baya, tunda duk lokacin da ƙafa ta matsa shi ma ya matsa. Ɗan makullin cen kuma ya sa shi rufaffen kansa yana kallon inda cen yake tafiya, ya ce kamar kifi ne, da kai yake gaba ba da jela ba.

Ni yanzu ba na cewa canza sifiroket haram ne. Surukina a Kano ya ƙara haƙori ɗaya a gaba, bai taɓa na baya ba, shi kaɗai yake hawa zuwa ofis a kan shimfiɗaɗɗen titi, kuma yana jin daɗinsa. Masu ɗauko dankalin Turawa daga gonakin Bokkos da Mangu kuwa akasin haka ya fi musu, su ƙara haƙoran baya su sami ƙarfin hawa, gudu ya tafi abinsa. Abin da ke ba ni haushi shi ne mai ba ka shawarar ba ya tambayar inda kake bi da abin da kake ɗauka, kuma ba ya cewa komai a kan cen.

Na ba Baba kuɗin aiki ya ƙi karɓa, ya ce in saya wa yaron madara. Sifiroket ɗin mai haƙori 38 yana nan a shago, da shi nake danne leda idan iska ta taso.

Hannun ya warke, alhamdu lillahi, sai dai lokacin sanyin Disamba yakan ce yana yi masa tsami. Ya fi wata biyar bai yarda ya hau mashin ɗin ba, ni ma ban matsa masa ba. Ranar da ya fara hawa, za mu je ƙauye ne ta wannan hanyar dai. Na saya masa hular kwano, ta ɗan yi masa yawa. Da muka wuce Naraguta muka fara gangara sai na ji ya ƙanƙame rigata, ya leƙo ta kafaɗata, hular tana bugun kunnena.

"Abba, ya kai 50."

Na ce na gani. Na sauko giya ta uku.